Zambo da siyasa a adabin Ingila na ƙarshen ƙarni na 17: tambayoyin da ɗalibai suka fi yi

Duk wanda ya ɗauki kwas ɗin adabin Turanci ya san in aka iso kan mawaƙi John Dryden da mutanen zamaninsa aji yakan yi tsit, sunaye sun yi yawa, waƙoƙin dogaye, kuma kowane ɗango akwai wani mutum ɓoye a bayansa da ake so ka gane. Tambayoyin da ake min kusan iri ɗaya ne kowace shekara, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni dai ina son wannan zamanin sosai, don ban san wani lokaci da waƙa ta shiga tsakiyar rikicin mulki a Ingila kamar shi ba.

Wai wane lokaci ake nufi, kuma me ya faru a ƙasar da har mawaƙa suka koma zage-zage?

Daga 1660 ne zuwa wajen 1700. Kafin nan an yi yaƙin basasa tun 1642 tsakanin sarki da majalisa, har aka fille kan Sarki Charles na I a watan Janairun 1649, ƙasar ta zauna ba sarki shekara goma sha ɗaya, mafi yawan lokacin a hannun Oliver Cromwell. Da ya mutu a 1658 abubuwa suka dagule, a 1660 aka kira ɗan sarkin da aka kashe daga gudun hijira aka naɗa shi, shi ne Charles na II. An buɗe gidajen wasan kwaikwayo da aka rufe tun 1642, mata suka fara hawa dandamali, fada ta cika da shagali.

To amma fa tsoro bai tafi ba. Dattijan da ke majalisa da idonsu suka ga yaƙin, don haka duk wata ƙaramar rigima sai a fara cewa za a koma gidan jiya. In ka riƙe wannan tsoron a ranka rabin waƙoƙin sun buɗe maka, don kowane ɓangare abin da yake faɗa wa jama'a kenan, cewa ɗaya ɓangaren ne zai sake jefa su wuta.

Abin da Turawa ke kira satire, zambo ne ko habaici?

Duka biyun, har da ba'a da gugar zana. A wajenmu zambo kai tsaye yake, a siffanta mutum da muninsa har kowa ya gane shi, habaici kuwa a sakaye ake yi, ba a kama suna, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Mawaƙan nan sun haɗa su, za su ba mutum wani suna daga Baibul ko su rubuta harafin farko da na ƙarshe na sunansa su ja layi a tsakiya, wannan habaici ne a ido, amma siffar da za su yi masa zambo ce tsagwaronta, ƙafarsa, cikinsa, bashin da ake binsa, matar da yake nema. Dryden ya ce manufar abin gyaran hali ce, kamar likita mai ba da magani mai ɗaci. Haka ya faɗa a gabatarwar babbar waƙarsa Absalom and Achitophel, amma duba amsar da ke ƙasa kan ko ya yi adalci kafin ka yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Mene ne asalin rigimar Whig da Tory?

Gado ne da addini. Charles na II yana da 'ya'ya fiye da goma da matan waje amma matarsa ta aure, Catherine 'yar Fotugal, ba ta haifa masa magaji ba, saboda haka ƙaninsa James ne zai gaje shi, shi kuma James ya koma Katolika, abin ya fito fili a 1673 lokacin da aka yi dokar da ta hana Katolika riƙe muƙami ya ajiye shugabancin sojan ruwa. Yawancin mutanen Ingila Furotesta ne kuma a tunaninsu Katolika na nufin mulkin kama-karya irin na Louis na XIV a Faransa. Ba a banza suke zargi ba ma, don a 1670 Charles ya ƙulla yarjejeniyar sirri da Louis a Dover yana karɓar kuɗinsa.

Ana cikin haka a 1678 wani Titus Oates ya fito ya ce ya gano makircin Katolika na kashe sarki a ɗora James. Ƙarya ce ya shirya ta daga tushe, sai dai alƙalin da ya ɗauki rantsuwarsa, Sir Edmund Berry Godfrey, an tsinci gawarsa a watan Oktoba na shekarar, shi kenan Landan ta rikice. Mutum fiye da ashirin aka kashe a kan wannan ƙaryar, na ƙarshensu Oliver Plunkett, babban limamin Katolika na Armagh a Ailan, a watan Yulin 1681. Wallahi duk lokacin da na zo nan a karatu sai jikina ya yi sanyi, don mutanen nan ba abin da suka yi.

Daga 1679 zuwa 1681 majalisa uku a jere aka yi ta ƙoƙarin yin dokar cire James daga layin gado, sarki yana rushe su, ta ƙarshen a Oxford a Maris 1681 mako ɗaya kacal ta yi. Masu son a cire James su ne Whig, jagoransu Shaftesbury, masu cewa gado ba a taɓa shi su ne Tory. Sunayen biyu ma zagi ne tun asali, Whig daga 'yan tawayen addini na Sikotland, Tory kuma daga 'yan fashin daji na Ailan, kowa ya jefi abokin gabarsa da shi har ya bi su.

A cikin Absalom and Achitophel, wa ye wa?

Waƙar ta fito a Nuwamban 1681, ɗango dubu da ɗan wani abu, ba sunan marubuci a jiki amma ba a daɗe ba kowa ya san Dryden ne. Ya ɗauko labarin da ke littafin Sama'ila na biyu a Baibul, inda Absalom ya yi wa mahaifinsa Sarki Dawud tawaye da zugar mashawarci Ahitofel. Sarkin shi ne Charles, Absalom shi ne Monmouth, babban ɗan Charles wanda ba ta aure aka haife shi ba, kyakkyawa, Furotesta, talakawa na sonsa, wasu 'yan Whig na so a ba shi gadon. Achitophel shi ne Shaftesbury. Urushalima Landan ce, Masar Faransa, Fir'auna Louis, Saul kuma Cromwell. Corah shi ne Oates, Zimri shi ne Buckingham, wani babban bafade da ya koma adawa, Shimei wani sherif ne na Landan mai suna Slingsby Bethel da aka san shi da maƙo, Dryden ya ce murhun gidansa a sanyaye yake amma kansa da zafi.

Abin da na fi so ɗalibai su lura da shi shi ne yadda ya lallaɓa Monmouth. Ba dama ya zage shi don sarki na ƙaunar ɗansa, sai ya mai da shi yaro mai kyan zuciya da aka yaudara, duk laifin ya juye kan tsohon da ya zuga shi, har yanayin zugar ya yi kama da yadda Shaiɗan ke ruɗi. Kuma bai kai labarin ƙarshe ba, a Baibul Absalom kashe shi aka yi, shi kuwa Dryden ya tsaya a jawabin sarki, ya ce a gabatarwa yana fatan a sasanta uba da ɗa.

Ni Musulmi ne, yadda waƙar ta kawo Annabi Dawud (AS) ya dame ni. Ya zan karanta ta?

Da gaskiyarka, kuma ba kai kaɗai ba ne, kusan duk shekara sai an min wannan tambayar. Labarin Absalom daga Baibul yake, ba ya cikin Alƙur'ani, kuma farkon waƙar da ke wasa da yawan matan sarki da 'ya'yansa ba ya tafiya da yadda Musulmi ke girmama annabawa. Abin da zai taimake ka shi ne sanin cewa mutumin da ke cikin waƙar Charles ne aka lulluɓa wa wani suna. Dryden yana da matsala babba, ubangidansa mai neman mata ne kowa ya sani, kuma wannan halin ne ma ya haifo Monmouth da rigimar gaba ɗaya, to maimakon ya ɓoye sai ya fara da shi, ya mai da shi zamanin da ake auren mata da yawa ba laifi, don ya wanke shi tun kafin abokan gaba su buɗe baki. In kana rubuta amsar jarrabawa kana iya cewa Charles ko sarkin waƙar, ba dole sai ka jingina halin ga annabi ba.

Dryden ya yi adalci kuwa, ko kwangila ce kawai?

Ma'aikacin fada ne, tun 1668 shi ne mawaƙin sarki, a 1670 aka ƙara masa marubucin tarihin sarauta da albashin fam 200 a shekara, ko da yake sau da yawa kuɗin ba ya fita a kan lokaci. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Sannan duba lokacin da waƙar ta fito: Shaftesbury na tsare a Hasumiyar Landan tun watan Yuli bisa zargin cin amanar ƙasa, hukuncinsa kisa ne, kuma kwana kaɗan ya rage a zauna a duba tuhumar. Mutumin da ake wa zambon nan wuyansa na kan gungume. Ni a ganina wannan ya kamata ya kasance a ran duk mai karatu, komai daɗin baitocin.

Ranar 24 ga Nuwamba masu duba tuhumar, waɗanda sherif-sherif 'yan Whig suka zaɓo, suka yi watsi da ita, magoya baya suka buga lambar ƙarfe mai hoton Shaftesbury don murna. Dryden ya mayar da martani a Maris 1682 da The Medal, ita kam ba lallashi a ciki, zafi ne zalla. Marubutan Tory har ciwonsa ba su bari ba, an yi masa aikin hanta a 1668 an bar masa bututun azurfa a ciki yana fitar da ruwa, masanin falsafa John Locke ne ma ya kula da jinyar, suka mai da bututun abin tsokana wai famfon ganga.

Amma in ce kuɗi kaɗai ya bi, ban yi masa adalci ba ni ma. Gaskiya ne ya yi wa Cromwell waƙar ta'aziyya sannan ya yi wa Charles ta maraba a 1660, ya kuma koma Katolika bayan James ya hau. To amma da aka kori James a 1688 bai sake juyawa ba, ya ƙi yin mubaya'a ga sabon sarki, ya rasa muƙami da albashi yana dab da shekara sittin.

Ba wanda ya zagi sarkin da kansa ne?

Akwai mana. Andrew Marvell, ɗan majalisa mai wakiltar Hull, shi ne gwanin ɓangaren adawa. A Yunin 1667 jiragen yaƙin Holan suka kutsa kogin Medway suka ƙone jiragen Ingila a inda suke ɗaure, suka ja babban jirgi Royal Charles suka tafi da shi gida, abin kunya ba kaɗan ba. Kafin nan Edmund Waller ya yi waƙar yabo da yake ba mai zane umarnin yadda zai zana nasarar sojan ruwa, sai Marvell ya ɗauki salon ya kifar da shi a Last Instructions to a Painter, zana min ɓarayin fada, zana min sojan ruwa da ba a biya su ba. Akwai wurin da yake jero tambayoyi, wa ya jawo kaza, wa ya jawo kaza, amsar kullum Pett, wato Peter Pett jami'in tashar jiragen Chatham da manya suka ɗora wa laifin don su tsira. Ba a buga waƙar ba sai 1689, shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarsa.

Rochester kuma ɗan cikin fada ne, abokin shan sarki, bakinsa ba linzami, batsa ce fal a waƙoƙinsa shi ya sa ba kasafai ake sa su a manhaja ba. An ce wajen 1673 ya miƙa wa sarki takarda bisa kuskure, ashe zambon da ya yi masa ne kan yadda mata ke juya shi, dole ya bar fada na wani lokaci. Ya mutu a 1680 yana da shekara 33.

Samuel Butler shi baya ya waiwaya, Hudibras da ta fara fita wajen 1663 ba'a ce ga masu tsananin addinin da suka yi mulki lokacin Cromwell, wani jarumin bogi da yaronsa sun fita hana jama'a wasan da ake haɗa karnuka da beyar suna ta shan kashi. Sarki ya so ta ƙwarai, duk da haka Butler a talauce ya mutu a 1680.

Tunda akwai takunkumi, ta yaya waƙoƙin suke isa ga jama'a?

Dokar 1662 ta ce ba a buga komai sai da lasisi, kuma Roger L'Estrange ne mai farautar maɗaba'un ɓoye. Saboda haka mafi zafin zambo da hannu ake kwafarsa, akwai masu sana'ar kwafi suna sayarwa, wani ya karanta ya ba wani, a manna a ƙofa, a rera a kan titi da karin waƙar da kowa ya sani. Matattarar kuwa gidajen shan gahawa ne, na farko a Landan an buɗe shi a 1652, da kobo ɗaya za ka zauna ka ji labarin gari, kusan kamar teburin mai shayi. Abin ya dami Charles har a ƙarshen Disamban 1675 ya ba da sanarwar rufe su duka, aka yi ca, cikin kwana goma sha wani abu ya janye.

Dokar lasisin ta faɗi a 1679 daidai lokacin rigimar gado, shi ya sa takardu suka yi ambaliya a waɗannan shekarun. An dawo da ita a 1685, ta mutu gaba ɗaya a 1695. Daga 1689 aka fara tattara waɗancan waƙoƙin na ɓoye ana bugawa da sunan Poems on Affairs of State, amma a kula, sunayen marubutan da aka liƙa musu da yawa cinta ce kawai.

Akwai wanda zambo ya jawo wa bala'i?

Ranar 18 ga Disamban 1679 da dare wasu mutum uku suka tare Dryden a lungun Rose Alley kusa da Covent Garden suka yi masa dukan kawo wuƙa, an sa ladan fam 50 ba a kama kowa ba. Ana zaton saboda wata waƙa ce da ke yawo a rubuce wadda ta taɓa Rochester da farkar sarki 'yar Faransa, alhali wani bafade Mulgrave ne ya rubuta ta. Aphra Behn, macen da ke ci da alƙalaminta kuma 'yar Tory ta gani-kashe-ni, an kama ta a 1682 don ta soki Monmouth a jawabin rufe wani wasa, ta manta ɗan sarki ɗan sarki ne ko yana tawaye.

Wanda ya fi tsaya min a rai Stephen College ne, kafinta ɗan Whig mai shirya waƙoƙin titi da zane-zane. Ɗaya daga ciki ta nuna sarki a matsayin mai wasan akwati yana yawo da majalisa a bayansa. Masu duba tuhuma a Landan suka ƙi amincewa da ƙarar, sai gwamnati ta ɗauke shari'ar ta kai Oxford inda take da tabbacin nasara, aka kawo waƙar cikin shaidu, aka rataye shi aka daddatsa gawarsa ranar 31 ga Agustan 1681. Wata uku bayan nan waƙar Dryden ta fito. Yau ta Dryden ake karantawa a jami'a, kafintan kuwa sai ka tona kafin ka ji sunansa.

Mac Flecknoe ma siyasa ce?

Asalinta a'a, faɗan marubuta ne. Dryden ya rubuta ta tun wajen tsakiya zuwa ƙarshen shekarun 1670 kan Thomas Shadwell, sun daɗe suna jayayya a kan wasan barkwanci da darajar tsohon marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson. Sarkin shirme Flecknoe ya tsufa yana neman magaji, ya zaɓi Shadwell don shi kaɗai ne cikin 'ya'yansa ko da kuskure bai taɓa faɗawa cikin hankali ba, aka yi bikin naɗi da duk wata alfarma ta sarauta a unguwar banza. Sai a 1682 aka buga ta ba da izininsa ba, lokacin Shadwell ya zama mawaƙin Whig, mai bugawar ya ƙara mata taken da ke kiransa mawaƙin Furotesta na gidi, shi kenan ta shiga siyasa. Ka lura dai batun ta gado ne, wa zai gaji wa, ciwon da ke damun ƙasar kenan. Kuma a 1689 Shadwell ɗin nan ne aka ba kujerar mawaƙin fada da aka ƙwace daga Dryden.

Me ya sa ake cewa siffanta Zimri ita ce ƙololuwar gwanintarsa?

Buckingham ya riga ya tsokane shi a 1671 a wasan The Rehearsal, inda aka yi wani mawaƙi mai cika baki Bayes ana kwaikwayon Dryden. Shekara goma ya jira. Da ya tashi ramawa bai kira shi ɓarawo ko fasiƙi ba, ya ce mutum ne da ya tara halin kowa, komai yana farawa ba ya gamawa, cikin wata ɗaya ya zama mai haɗa sinadarai, mai goge, ɗan siyasa, da wawan fada. A rubutunsa na 1693 kan zambo Dryden ya ce akwai bambanci tsakanin yankan mahauci na ganganci da saran gwani wanda zai raba kai da jiki ya bar kan a zaune inda yake, kuma Zimri ya kawo misali.

Makamin nasa ƙwar biyu ce, ɗango biyu masu amsa-amo ɗaya, kowane gaɓa goma. Na farko yakan ɗaga mutum, na biyu ya sake shi ya faɗo, sau da yawa a kalmar ƙarshe. Ka karanta da murya za ka ji inda saran yake sauka, da ido kaɗai ba ya fitowa.

To duk wannan ya sauya wani abu a siyasar?

Da wuya a ce waƙa ɗaya ta yi kaza. Dryden bai sa an kashe Shaftesbury ba, kuma abin da ya karya Whig kuɗin Faransa ne da ya ba Charles damar mulki ba majalisa, da kuma ƙwace iko da birnin Landan. Shaftesbury ya gudu Holan ya mutu a Amsterdam a Janairun 1683. James ya hau a 1685, Monmouth ya yi tawayen da gaske, aka ci shi a Sedgemoor ranar 6 ga Yuli aka fille kansa ranar 15, ƙarshen da Dryden ya ƙi rubutawa. Oates kuma aka same shi da rantsuwar ƙarya, aka yi masa bulala a titi aka sa shi a turu.

Wadda ta fi kusa da a ce ta yi aiki ba ta manyan mawaƙa ba ce, Lillibullero ce, 'yar waƙar titi da ke kwaikwayon bakin Katolikan Ailan suna murnar naɗa Tyrconnel gwamnansu. Baitocin ba wani abin kirki, cin fuska ne ga mutanen Ailan, amma karin ya kama, a 1688 lokacin da William na Holan, surukin James da ya karɓe masa mulki, ya sauka da rundunarsa ranar 5 ga Nuwamba sojoji da mutanen gari ita suke rerawa. Thomas Wharton da ake danganta masa ita an ce ya yi alfaharin da waƙa ya kori sarki daga masarautu uku. Waɗanda suka daɗe suna kama sashen Turanci na BBC a rediyo sun san karin, shi aka yi shekara da shekaru ana sawa kafin labarai a da.

Ta ina zan fara in lokaci ya ƙure min?

Fara da Mac Flecknoe, ɗango ɗari biyu da 'yan kai ne, zama ɗaya ka gama. Sannan karanta babi na 13 zuwa 18 na Sama'ila na biyu don ka san labarin, ka rubuta jerin wa ye wa da ke sama a takarda ka ajiye gefe, ka shiga Absalom and Achitophel, ka fi ba da ƙarfi a farkonta, siffar Achitophel, zugar da ya yi wa Absalom, Zimri, da jawabin sarki na ƙarshe. Kashi na biyu na 1682 mafi yawansa Nahum Tate ne ya rubuta, kana iya tsallakewa sai wurin Og da Doeg, wato Shadwell da Elkanah Settle, nan hannun Dryden ne. In ka samu sarari ƙara da ɓangaren Medway na waƙar Marvell, don ka ji muryar ɗaya ɓangaren kafin ka shiga ɗakin jarrabawa.